Daga Minneapolis zuwa Rano: wa ke amfana idan aka yi wa ɗan sanda shari'ar adalci?

A ƙarshen watan Mayun 2025 an yi rashi biyu a jere a Rano. Na farko wani matashi ne mai gyaran babur da 'yan sanda suka kama, ya rasu bayan an kai shi asibiti, labari ya bazu a gari cewa duka ne ya kashe shi. Na biyu DPO ɗin garin ne, wanda aka far wa bayan an afka wa caji ofis an ƙona motoci, ya cika a asibitin Malam Aminu Kano. Allah ya jiƙansu duka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, har aka kai ga wannan matakin babu alƙalin da ya saurari kowa, babu likitan da ya tsaya gaban kotu ya ce ga abin da ya kashe yaron, babu wanda ya buɗe littafin ofis ya karanta sunan wanda ke bakin aiki a daren. Iyayen matashin suna da haƙƙin su ji gaskiya daga bakin kotu, wutar da aka cinna kuwa ba ta ba su ko kalma ɗaya daga cikinta ba.

Ba wai ina nufin mu ne marasa haƙuri ba. A nan Amurka, kwana uku bayan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da ya cika a hannun 'yan sanda, a daren 28 ga Mayun 2020, masu zanga-zanga sun cinna wa ofishin 'yan sandan yankin wuta a Minneapolis da ke jihar Minnesota, bayan 'yan sandan sun fice sun bar musu ginin. Zafin zuciya ɗaya ne ko'ina. Bambancin yana cikin abin da aka yi a watanni goma sha ɗayan da suka biyo baya, kuma a kansa nake so mu tattauna da mutanenmu na Rano da Gaya da Ringim da Gwaram, inda caji ofis ɗaya ke riƙe da ƙauyuka masu yawa, babbar kotu kuwa sai an hau mota.

Na san amsar da ake bayarwa a majalisa da zarar an ce a yi wa ɗan sandan da ake zargi da kisa shari'ar adalci. Sai wani ya ce, shi da ya danna kunamar bindiga ya tsaya ya saurari wanda ya harba? Tambaya ce mai zafi, amma ta ɗauka cewa adalcin wata alfarma ce ake yi wa ɗan sanda. Ni a ganina wanda ya fi kowa cin moriyarsa shi ne uban da ya binne ɗansa. Hukuncin da aka yanke cikin garaje, ba a ba wanda ake tuhuma lauya ba, ba a bar shi ya yi wa shaidu tambayoyi ba, kotun ɗaukaka ƙara ce za ta rushe shi bayan wasu shekaru, lokacin da shaidu sun watse, gari ya manta, mutumin ya fito yana neman a mayar da shi aiki a biya shi albashinsa na baya. Wanda aka bi masa kowace ƙa'ida sannan aka same shi da laifi, shi ne ba shi da ƙofar fita.

Dubi yadda aka bi da Derek Chauvin, ɗan sandan da aka tuhuma da kashe Floyd. Duniya ta ga bidiyon da wata yarinya 'yar shekara 17 ta ɗauka da wayarta, masu gabatar da ƙara kuma suka lissafa cewa gwiwarsa ta yi minti 9 da daƙiƙa 29 a wuyan Floyd. Idan akwai shari'ar da za a ce gani ya kori ji, wannan ce. Duk da haka ba a gajarta masa komai ba. A tsarin Amurka mutum 12 'yan gari ne ke yanke cewa an yi laifi ko ba a yi ba, alƙali yana kula da ƙa'ida da tsawon ɗauri, saboda haka babbar damuwar ita ce inda za a samo mutum 12 da labarin bai riga ya yanke musu hukunci a zuci ba. Tun kafin zama aka aika wa waɗanda za a zaɓa daga cikinsu doguwar takardar tambayoyi: sau nawa ka kalli bidiyon, ka fita zanga-zanga, me kake gani game da 'yan sanda. Aka shafe mako biyu a watan Maris na 2021 ana yi musu tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɓangare yana da damar ƙin wasu ba tare da faɗar dalili ba, kuma lauyan Chauvin aka ba damar da ta fi yawa, 15 a farko, gwamnati 9.

Ana tsakiyar wannan, ranar 12 ga Maris, hukumar birnin ta sanar da biyan iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27. Mai shari'a Peter Cahill ya sake kiran mutum bakwai da aka riga aka zaɓa, ya tambaye su ko labarin kuɗin ya karkatar da su, ya sallami biyu daga ciki. An ɓoye sunayen sauran daga jama'a, da lokacin shawara ya zo aka killace su. Gwamnati ta kira shaidu 38, har da shugaban 'yan sandan birnin da kansa. Lauyan Chauvin ya kira 7, cikinsu akwai likitan da ya ɗora mutuwar a kan ciwon zuciya da ƙwayoyin da ke jikin Floyd, har ya kawo batun hayaƙin salansar mota. An bar shi ya faɗi tasa, aka yi masa tambayoyin ƙure a bainar jama'a. Chauvin ya zaɓi ya yi shiru, doka ta ba shi wannan. Ranar 20 ga Afrilun 2021 aka same shi da laifi a tuhuma uku, a watan Yuni aka yanke masa shekara 22 da rabi. Ya ɗaukaka ƙara yana cewa hayaniya ta hana shi adalci kuma an ƙi mayar da shari'ar wani gari. Kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yi watsi da wannan a Afrilun 2023, Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraronsa a Nuwamba. Kowace ƙofa da zai bi, an riga an rufe ta tun a zauren farko, ta hanyar ba shi haƙƙinsa.

Kada kowa ya ɗauka nan aljannar adalci ce. 'Yan sandan Amurka na harbe kusan mutum 1,000 a kowace shekara, kaɗan ne ƙwarai ke kaiwa gaban kotu. Amadou Diallo, Bafulatanin Gini da ke talla a New York, harsashi 41 aka harba masa a ƙofar gidansa a Fabrairun 1999, 19 suka same shi, abin da ke hannunsa walat ne. Aka ce hayaniya ta yi yawa a unguwar Bronx inda abin ya faru, aka mayar da shari'ar garin Albany, a 2000 aka wanke 'yan sandan su huɗu. A Baltimore kuma sauri ne ya haifi nawa. Freddie Gray ya rasu ranar 19 ga Afrilun 2015, ranar 1 ga Mayu an riga an tuhumi 'yan sanda shida gari na tafasa, a ƙarshe ko ɗaya ba a samu da laifi ba.

A gida ba mu da tsarin mutum 12. Alƙalin babbar kotu shi kaɗai ke sauraro, shi ke yanke hukunci, kuma dole ya rubuta dalilansa ɗaya bayan ɗaya, abin da ta wani fanni ya fi na nan, don su mutum 12 ba sa faɗa wa kowa dalili. Saboda haka hayaniyar Facebook ba a zauren kotu take yi mana ɓarna ba. Tana gama aikinta tun fayil bai isa gaban alƙali ba, don ita ke yanke ko za a yi shari'ar ma ko ba za a yi ba.

Idan babu hayaniya, kowa ya san yadda abin ke tafiya. An harbi direba ko ɗan acaba a shingen bincike ranar kasuwa, gardamar na goro ce ta jawo. Kafin la'asar an kai shi makwanci. Washegari manya sun zo ta'aziyya tare da dagaci, da buhun shinkafa da ambulan. Iyalai sun ce sun bar wa Allah. An yi wa wanda ya yi harbin canjin wurin aiki. Idan kuma bidiyo ya fita, kafin mako ya zagayo an fitar da sanarwa, an nuna hoton wani kofur da ankwa, an ce an kore shi daga aiki. Jama'a su yi ajiyar zuciya, a zatonsu hukunci ke nan. Alhali kora ba shari'a ba ce. Zaman ladabtarwa ne na cikin gida, wanda ake yi wa ƙananan ma'aikata daga kurtu zuwa sufeto, mai jagorantarsa kuwa wani na gaba da su ne a rundunar. Manyan jami'ai nasu sai ya bi ta kwamitin ladabtarwa na hedikwata ya isa Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, abin da ke cin watanni. Ka ga ke nan tun daga tsari ƙarami ne ke faɗuwa cikin kwanaki. Ba a cika tambayar wa ya ba da izinin kafa shingen ba, wa ya sa hannu aka fitar da bindigar, wa ake kai wa kason yamma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan rashin adalci ne ga kofur ɗin, kuma rashin adalci ne ga mamacin, tunda rabin labarin aka rufe da shi.

Inda shari'o'inmu suka fi mutuwa shi ne kwana biyun farko, kuma a nan zan daɗe, don abu ne da ke hannun iyalai da dattawan gari, ba sai an jira Abuja ba.

A fara da gawa, ko da yake magana ce mai nauyi. Gaggauta jana'iza sunna ce, ba mai ja da wannan. Amma a tuhumar kisa ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Penal Code, abu uku mai gabatar da ƙara zai tabbatar: cewa mutumin ya mutu, cewa abin da wanda ake tuhuma ya aikata ne ya kashe shi, da cewa ya yi da niyya ko yana sane mutuwa ce za ta iya biyo baya. Na biyun ne ramin da ake faɗawa. Kotunanmu sun sha karɓar shari'a ba tare da rahoton likita ba idan an harbi mutum ko an sare shi ya mutu nan take a gaban shaidu. Amma wanda ya kwana biyu a bayan kanta sannan ya cika a gadon asibiti, za a ce yanke jiki ya yi ya faɗi, ko asma ce, ko wani abu ya sha, kuma ba mai ƙaryata wannan sai likita. Takardar da za a rubuta a babban asibitin ƙaramar hukuma cewa zuciyarsa ce ta tsaya ba ta da wani amfani, kowane mamaci zuciyarsa tsayawa take yi. Ana buƙatar ƙwararren likitan binciken gawa, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma hanyar ita ce lauya ya rubuta wa majistaren da doka ta ɗora wa binciken musabbabin mutuwa, a nemi ya ba da umarni, a ajiye gawar a mutuware mai sanyi kwana ɗaya ko biyu, iyalai su nemi a bar likitan da suka yarda da shi ya halarta.

Idan zuciyar iyaye ba za ta ɗauki a yanka ɗansu ba, kuma da yawa ba za ta ɗauka ba, akwai abin da ya fi babu. Likita ya duba jikin daga waje ya rubuta kowane rauni da girmansa da inda yake, ya sa hannu da kwanan wata. A ɗauki hoto kafin wanka, gaba da baya, tare da kiyaye al'aura, musamman wuyan hannu inda ankwa ko igiya ke barin shati, da tafin ƙafa, da gadon baya, a ajiye rula kusa da raunin don a san girmansa. A yi hoton ƙashi, yana nuna karaya da harsashin da ya maƙale. A rubuta sunayen waɗanda suka yi masa wanka, don shaidu ne, idonsu ya ga abin da ba wanda zai sake gani. Rigarsa kuma kada a wanke, kada a ƙona, kada a bayar sadaka. A shanya ta a inuwa, a sa a jakar takarda, ba leda ba, leda na sa jini ya yi fumfuna. Hujin harsashi a bayan riga ko a gabanta shi ke raba wanda aka harba yana gudu da wanda aka ce ya yo kan ɗan sanda da makami, ƙunar albarushi a bakin hujin kuma tana nuna kusancin bindigar. A lura, wannan binciken ba na ɓangare ɗaya ba ne. Idan da gaske ciwo ne ya kashe shi, shi ne zai wanke wanda ake zargi, kuma daidai ne ya wanke shi.

Idan mutum bai riga ya cika ba, yana gadon asibiti yana iya magana, a naɗi abin da ya faɗa a gaban ma'aikacin jinya. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 40 ta yarda da furucin wanda yake ganin mutuwa ta kusanto shi game da abin da ya same shi. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin wannan, a babin wanda ya ce jinina yana wuyan wane.

Sai bidiyo. Abin da ke yawo a WhatsApp ba shi ne hujja ba. Manhajar tana matse hoton, bayanan rana da lokaci su ɓace, wani ya yanke farkon, wani ya ɗora rubutu da waƙar tausayi. Sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayani a kan na'urar da ta samar da shi da cewa tana aiki daidai, ko dai da takardar shaida ko ta bakin wanda ya sani. Lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya wa ya ɗauka, da wace waya, me ya faru a mintin da ya gabaci farkonsa, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya. Saboda haka wayar asali ita ce dukiya. Kada a goge, kada a sayar da ita a kasuwar waya, a kwafi fayil ɗin yadda yake zuwa memori biyu, ɗaya a hannun lauya. Wanda ya ɗauka kuma ya san cewa wata rana zai tsaya a akwatin shaida. Yarinyar Minneapolis ta tsaya. Ba don ita ba, da an tafi a kan sanarwar farko ta 'yan sandan birnin, wadda ta ce rashin lafiya ce ta taso wa mutumin, ba ta ko ambaci gwiwa ba.

Hujja mafi ƙarfi sau da yawa tana cikin caji ofis ɗin kansa. Akwai littafin da ake rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa, har da shigar da mutum bayan kanta da fitar da shi. Akwai littafin makamai, mai ɗauke da lambar kowace bindiga, da wanda ya karɓa, da harsashi nawa aka ba shi, nawa ya dawo da su. Idan mutum biyar ne a shinge da bindiga biyar, tambayar kotu ita ce harsashin wa. Kwanson da ya faɗi a ƙasa yana ɗauke da shatin bindigar da ta fitar da shi, amma kafin a ankara yara sun tsince shi. Idan babu kwanso, babu littafi, su biyar kowa zai ce ba ni ba ne, shakka ta shigo, alƙali ya sallame su, kuma ba shi da laifi, don doka ba ta yarda a rataye mutum a kan zato ba. To a nan ne nake so matasanmu su tsaya su yi tunani. Duk wanda ya cinna wa caji ofis wuta, takardun da za su kama mai laifi ya fara jefawa cikin haɗari. Ba kyautar da ta fi wannan ga wanda ya yi kisa.

Matsalar dai ita ce littattafan suna hannun ofishin da ake zargi. A Minnesota hukumar binciken laifuka ta jiha ce ta karɓi bincike, ba 'yan sandan birnin ba, gwamna kuma ya miƙa gabatar da ƙara ga Antoni Janar na jihar, Keith Ellison. A Ingila akwai hukuma mai zaman kanta da ke binciken mutuwar da ta faru a hannun 'yan sanda. Mu kuwa sashe na 214 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 runduna ɗaya ya ba mu, ɗan sanda ke binciken ɗan sanda. Ko kwamitocin bincike da akasarin jihohi suka kafa bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020, Kano da Jigawa ba su kafa ba. Abin da ya rage shi ne a matsa a ranar farko, a rubuce, a ɗauke binciken daga ofishin a mayar sashen binciken manyan laifuka na Bompai ko na Dutse, ko ofishin shiyya ta ɗaya da ke Kano, a kwashe littattafai da bindigogin kafin dare. A kai kwafin ƙorafin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ofishin kwamishinan shari'a, wanda sashe na 211 na Kundin ya ba ikon shigar da ƙara ko karɓe ta daga hannun kowa. A karɓi kwafi mai hatimin karɓa, takardar da ba ta da hatimi kamar ba a kai ta ba ne.

Cewa abin ba ya yiwuwa a Najeriya ba gaskiya ba ne. An harbe lauya Bolanle Raheem a Ajah da ke Legas ranar 25 ga Disamban 2022, ranar 9 ga Oktoban 2023 babbar kotu ta yanke wa ASP Drambi Vandi hukuncin kisa. Ƙasa da wata goma. Kwamishinan shari'a na jihar da kansa ya jagoranci ƙarar, akasarin shaidun 'yan sanda ne, lissafin harsasan da aka ba shi da waɗanda ya dawo da su ya shiga cikin hujjoji, shi kuma yana da lauyansa, ya kare kansa. Sai a kwatanta da matasa shida, akasarinsu 'yan kasuwar Apo, da aka kashe a Abuja a Yunin 2005. Sai a Maris na 2017 mai shari'a Ishaq Bello ya yanke hukunci, kusan shekara 12: ƙananan ma'aikata biyu hukuncin kisa, uku aka sallama saboda hujja ba ta isa ba, har da mataimakin kwamishina, DPO ɗin kuwa ya tsere tun da wuri. Ƙasa ɗaya, runduna ɗaya. Marigayiyar Legas tana da ƙungiyar lauyoyi a bayanta. Manomin Sumaila ba shi da ita, sai dai ƙungiyar ci gaban garinsu ta tsaya masa.

Zaɓen tuhuma ma wuri ne da hayaniya ke ɓata aiki. Jama'a na son a ji sashe na 221, don hukuncinsa kisa ne, alƙali ba shi da ikon ragewa. Amma saboda haka ne ma yake neman hujjar da ba ta da ko ɗigon shakka. Ɗan sanda kuma yana da kariyar da ni da kai ba mu da ita kai tsaye. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki ya yi togaciya ga ƙarfin da ya zama dole wajen kare rai, ko kama mutum bisa doka, ko hana tsararre gudu, ko kwantar da tarzoma. Sashe na 222 na Penal Code kuma ya ce ma'aikacin gwamnati da ya wuce iyakar ikonsa da kyakkyawar niyya, ba tare da ƙullin gaba da mamacin ba, laifinsa ya sauko zuwa kisan da ba a kashe mai shi, wanda sashe na 224 ya tanadar wa ɗauri har na rai da rai. Masu gabatar da ƙara a Minnesota tuhuma uku suka jera, babba da matsakaiciya da ƙarama, don idan ɗaya ta kuɓuce wata ta kama. Lauyan gwamnati mai hankali a Kano ko Dutse haka zai gina tasa, ko da majalisa za ta ce an sassauta. Ita kuwa tsohuwar kariyar nan ta cewa bindiga ce ta tashi da kanta, abu ne da ake gwadawa. AK-47 sai an sauke makarin tsaronta, an ɗana ta, sannan an danna kunama. Mai kula da makamai zai iya duba ta ya faɗa wa kotu ko tana da lahani, in dai an killace ta a ranar.

Haka kuma ɓata suna, ta kowane ɓangare. Da zarar an kashe mutum sai a ji an ce ai ɗan daba ne. A shari'ar ɗan sandan da ya harbe Chris Kaba a Landan a 2022, kotu ta hana a gaya wa masu yanke hukunci tarihin mamacin, ta hana jaridu bugawa sai bayan hukunci, saboda wanda ya yi harbin bai san ko wane ne a motar ba lokacin da ya harba. An wanke ɗan sandan a Oktoban 2024, amma a kan abin da ya faru a daren aka auna shi. Mu ma haka ya kamata, kuma ma'aunin ya hau kan masu yaɗa hoton ɗan sanda da sunan garinsu da ƙabilarsa da addininsa. Ayar Suratul Ma'ida da ta hana ƙiyayya da wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci ba ta cire masu kaki ba.

Shi kansa ɗan sandan da aka kora, halin da yake shiga ba ƙarami ba ne. Ana kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin shari'ar kisa, a tura shi gidan gyaran hali, wataƙila cikin waɗanda ya taɓa kamawa, ana jiran shawarar daraktan gabatar da ƙara na ma'aikatar shari'a. A wannan jiran ne fayil ke ɓacewa. Albashi ya tsaya, lauya babu, alhali asusun ƙungiyar 'yan sandan Minnesota ne ya biya wa Chauvin nasa. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki ya ce shi marar laifi ne har sai an tabbatar, a ba shi lokaci da kayan shirya kariya, a bar shi ya yi wa shaidu tambayoyi. A tuhumar da hukuncinta kisa ne dole a samar masa lauya, ko daga hukumar ba da agajin lauyoyi ne. Iyalan mamaci su ne ya kamata su fi kowa nacewa a kan wannan, don giɓin da aka bari a nan shi za a shiga ta cikinsa a kotun sama.

Sauran aikin haƙuri ne da kuɗin mota. Za a ɗage zama, alƙali zai tafi hutu, idan aka ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara ko ya yi ritaya a koma farko, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2020 cewa wanda aka ɗaga ba zai dawo ya ƙarasa ba. Shaidan da zai baro gona da damina daga Gwaram ya zo kotu sau uku a ce masa a dawo, karo na huɗu ba zai zo ba. Gudummawar da ake tarawa a zaman makoki, a ware wani abu daga ciki don motar shaidu da lauyan da zai riƙa sa ido a madadin iyalai, a sa mutum ɗaya mai ilimi ya riƙe lambar ƙara da ranakun zama da lambobin wayar shaidu.

Sai batun sulhu, wanda ba na raina shi. Shari'ar Musulunci ta ba waliyyan jini damar yafewa ko karɓar diyya, amma bayan an san wanda ya yi da yadda ya yi, ba ambulan da ake turowa kafin sadakar uku ba. A ƙarƙashin Penal Code kisa ba laifin da iyalai ke iya janyewa ba ne, kwamishinan shari'a ne kaɗai ke da ikon dakatar da ƙarar. Neman diyya kuma ƙara ce daban da ake shigarwa a babbar kotu kan tauye haƙƙin rayuwa, karɓarta ba ta rufe shari'ar laifi, Minneapolis ta biya miliyan 27 aka ci gaba da zama. Idan aka kawo takarda a zauren hakimi aka ce mahaifi ya dangwala, a ba lauya ya karanta masa da Hausa tukuna. Layin da ke cewa iyalai ba su da ƙorafi, ko sun amince rashin lafiya ce ajalinsa, shi ne wanda lauyan wanda ake tuhuma zai ɗaga a gaban alƙali bayan shekara biyu, da dangwalen mahaifin a ƙasa.